Asid mun yarda da shi, to kishiyarsa fa? Neman sunan "base" da Hausa

1/ Malaman kimiyya na sakandare a nan Kaduna da masu fassara, ku matso kusa. Akwai kalmar da ke ba mu wahala duk lokacin da za a yi wa yara bayanin sinadarai da Hausa: abin da Bature ke kira "base", kishiyar asid. Ina da shawara, amma bari in fara da waɗanda na ƙi.

2/ Shi asid ba rigima a kansa. Ya riga ya zauna a bakin mutane, mai cajin batir a Panteka ma ya san shi, ko da ya fi kiransa ruwan batir. Wasu na so a ce "mai tsami". Gaskiya ne lemon tsami da tsamiya da nono duk asid ne ke ba su tsaminsu, sai dai ba na son sunan da zai sa yaro ya yi tunanin da harshe ake gane abin. Ruwan batir ba a ɗanɗana shi. A bar asid a matsayin suna, "tsami" kuma ya zama sunan halinsa.

3/ "Tushe" kuwa, wanda manhajojin fassara ke yawan jefo mana, a yar da shi. Tushen bishiya ko tushen magana ba abin da ya haɗa su da wannan darasi.

4/ Sai "alkali". Kalmar asalinta Larabci ce, daga sunan tokar wasu tsirrai da ake ƙonawa a yi sabulu, daga can Turawa suka are ta. To amma rubuta ta a allo ka gani. Rabin wayoyinmu ba sa sa ƙugiya a kan ƙ, ɗalibi zai karanta "asid ya haɗu da alkali" ya ɗauka kotu aka je. Ban da haka, a wurin masana ba kowane "base" ne alkali ba, sai wanda ke narkewa a ruwa.

5/ Shawarata: dangin kanwa.

6/ Ga dalili. Bahaushe ya riga ya ce "kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta". Wannan karin maganar darasin ne sukutum. Cikin mutum yana fitar da asid don narkar da abinci, in ya taso maƙogwaro shi ne ƙwarnafi, kanwa kuma ta kashe shi. Haka uwar gida ke jefa 'yar kanwa ko ruwan toka a miyar yakuwa in tsami ya yi yawa, har ka ga kumfa ta taso, iskar kabon ce ke fita. Da wannan mun samu kalma ta biyu kyauta: haɗuwar asid da kishiyarsa har su kashe juna, a ce kashe tsami.

Na san za a ce ai kanwa abu ɗaya ce, yaya za ta ɗauki sunan toka da sodar yin sabulu da farar ƙasa da amoniya? To ai haka aka yi wa gishiri. A ilimin sinadarai abin da asid da kishiyarsa suka haifa, ban da ruwa, sunansa gishiri, ba na miya kaɗai ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. "Dangin toka" ma zai iya, ya fi ma dacewa da asalin Larabcin, amma toka ba ta da karin maganar da za ta riƙe ta a kan yaro.

7/ A shekarar 1923 Bronsted na Danmak da Lowry na Ingila, kowa a gefensa, suka ba da ma'anar da ake koyarwa har yau: asid shi ne mai ba da ƙwayar haidurojin, kishiyarsa mai karɓa. Mai bayarwa da mai karɓa, wannan ba ya buƙatar aro.

8/ Inda aka fi yin kwaɓa shi ne wajen ƙarfi. Ƙarfi daban, kauri daban. Ƙaƙƙarfan asid shi ne wanda in ya shiga ruwa yake sakin haidurojin ɗinsa kusan gaba ɗaya, kamar na batir da na cikin ciki. Rarraunan asid kaɗan yake saki ya riƙe saura, kamar na lemon tsami da na nono. Yawansa a cikin ruwa kuwa wata magana ce: ko mai kauri ko tsinkakke, yadda muke cewa kunu ya tsinke. Ƙaƙƙarfan asid ko an tsinka shi yana nan ƙaƙƙarfa. Haka ma a ɗaya ɓangaren, kanwa rarrauna ce, sodar da mata ke saye don haɗa sabulu kuwa ƙaƙƙarfa ce, tana cin fata kamar yadda ruwan batir ke ci. Wannan ne kawai haɗarin da nake gani a sunan da na kawo, kada jin "kanwa" ya sa a raina ta. Dole malami ya faɗi wannan tun a ranar farko.

9/ pH a bar shi da haruffansa, tunda haka yake a takardar jarrabawa, a riƙa fassara shi da ma'aunin tsami. Sorensen ne ya ƙirƙiro shi a Danmak a 1909. Tsantsar ruwa 7 ne, tsaka-tsaki. Ƙasa da 7 asid, sama da 7 dangin kanwa. Ruwan lemon tsami wajen 2, jinin mutum wajen 7.4. Kowane mataki ninki 10 ne, wato 3 ya ninka 4 tsami sau 10.

10/ Saura sunan abin da ke canza launi ya nuna ɓangaren da ruwa yake. Ni "manuni" nake cewa. Makarantar da ba ta da takardar gwaji ta sayi zoɓo a Kasuwar Barci ta jiƙa: a matsa lemon tsami ya ƙara ja, a sa kanwa ya juye zuwa kore mai duhu. Wanda ke da sunan da ya fi "manuni", musamman malamanmu na Zariya, ya ajiye mana a ƙasa.