Wa ya taɓa zuwa bikin dusar ƙanƙara shi kaɗai?

Ɗalibar Osaka

Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a Osaka, a Japan, kuma mun yi shiri da ƙawayena biyu za mu je bikin dusar ƙanƙara na birnin Sapporo, da ke tsibirin Hokkaido a arewacin ƙasar, a farkon Fabrairu. Yanzu duk sun janye, ɗaya bincikenta ya riƙe ta, ɗaya ta ce aljihu ba nauyi. Ni kuwa raina ya riga ya tafi. Don Allah wanda ya taɓa zuwa shi kaɗai, ko can ko wani wuri irinsa, ya ba ni labari tsakani da Allah. Sanyi, abinci da sallah su suka fi tsaya min a rai.

Ɗan Hokkaido

Wa alaikumus salam ƙanwata. A garin nake zaune, ki taho abinki. Amma tun yau ki kama ɗaki, don kusan mutum miliyan 2 ke shigowa a makon bikin, masu otal kuma ba sa jin kunyar ninka kuɗi.

Wuri uku ake yi. Babban shi ne filin Odori da ke tsakiyar gari, tsawonsa kilomita ɗaya da rabi, nan manyan gine-ginen dusar ƙanƙara suke, wasu sun kai bene mai hawa uku ko huɗu. Sai Susukino, inda ake sassaƙa ƙanƙara garau wadda ake hango abin da ke bayanta, har da wadda aka daskarar da kifi da ƙaguwa a ciki. Na ukun, Tsudome, yana nesa da tsakiyar gari kuma na masu yara ne, za ki iya barinsa. 'Yan makarantar sakandare ne suka fara abin a 1950 da mutum-mutumi shida kacal, sojojin Japan suka shigo a 1955, daga nan aikin ya girma. Duk watan Janairu za ki ga manyan motoci suna jigilar dusar daga wajen gari. Daga filin jirgin New Chitose zuwa tashar Sapporo kusan minti 40 ne a jirgin ƙasa, sannan akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa mai ɗumi daga tashar har Odori da Susukino. Wannan hanyar ce rufin asirin baƙo.

Maman Biyu, Tokyo

'Yata, ni na je ni kaɗai, na bar yara wurin babansu. Sanyin bai ba ni wahala kamar santsi ba. Mutane sun tattake dusar ta zama gilashi, musamman wurin tsallaka titi. A gabana wani bawan Allah ya zube da kyamararsa, ban gama cewa subhanallahi ba ni ma na bi shi. Wata tsohuwa ce ta ɗaga ni, ba Turanci ba komai, ta ja hannuna har wani kanti ta nuna min wata roba mai ƙusoshi da ake ɗaura wa ƙasan takalmi. Ki saya tun a tasha. Tafiya kuma da gajeren taku, kamar mai ɗauke da tulu a ka, kada ki sa hannu a aljihu.

Ki sayi kairo da yawa, ɗan ƙunshin nan da ke yin zafi in an buɗe shi. Akwai mai mannewa, a kan rigar ciki ake liƙa shi, ba a kan fata ba, yana ƙuna. Hijabi kuwa a can alheri ne, kunne da wuya a rufe.

Abinci sai da lura. Miso ramen, taliyar nan cikin romo da garin ya yi suna da shi, yawanci da alade ake yi, romon ma haka. Rumfunan Odori suna sayar da ruwan inabi mai zafi da wani farin abin sha, amazake, wanda wani irinsa da ragowar haɗin giya ake yi, ni dai ban taɓa ba. Dankali da man shanu na ci, da gasasshen abincin teku, da safe kuma na je kasuwar Nijo na ci shinkafa da kifi. Kaɗaicin da rana ba ya damu, kowa hoto yake yi, in kika ce sumimasen, wato gafara dai, kika miƙa waya za a ɗauke ki. Da dare ne, da na ga sun haska wani katafaren gini da fitilu kala-kala, na juya zan ce kai duba, ba kowa. Kiran bidiyo na yi wa yara har yatsuna suka ƙage.

Alhajin Guwanzu

Ku kuna maganar sanyin Sapporo na digiri 5 ko 6 ƙasa da sifiri, Allah ya ba ku lafiya. Ni Harbin na je, arewa maso gabashin Chaina, kusa da Rasha. Ina jiran a gama haɗa min kaya a Guwanzu, na ce bari in je in ga abin da ake faɗa. Daren da na shiga wurin, ya wuce 20 ƙasa da sifiri. Daga kogin Songhua suke yanko ƙanƙarar manya-manya, su gina fadoji da hasumiyoyi, su sa fitila a ciki. Kyau kam ba a magana. Numfashina ya daskare a gemuna, su kuwa 'yan garin suna layin sayen askirim a bakin titi.

Ga abin da nake so ki ji. Wayata tana da caji fiye da rabi, ina cikin hoto ta mutu murus, sanyi ya shanye batirin. A Chaina kuwa da waya ake biyan kuɗi, da ita ake kiran tasi, sunan otal ɗina ma a ciki yake da rubutunsu. Ba abokin tafiya, ba yare. Wani shago na shiga na sa ta a hammata har ta farfaɗo. Mai tafiya shi kaɗai ya riƙe katin otal a takarda da tsabar kuɗi, waya kuma a aljihun ciki. Abinci bai ba ni matsala ba, akwai gidajen abincin Musulmin Chaina, za ka ga alamar halal a ƙofa.

Injiniya Bazazzagi

Ni fa ban ga abin da ya kai kuɗin da na kashe a Sapporo ba. Cunkoso ne, ana tafiya hannu ɗaya a Odori, ka tsaya kallo na baya ya turo ka. Otaru, wani gari kusa da Sapporo, ta fi burge ni, ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa, suna jera kyandir cikin dusar a bakin ruwa, ba hayaniya. Da na tura wa Hajiyarmu hotunan Odori cewa ta yi, yanzu duk nisan nan ka yi don kallon gumaka?

Ɗalibar Osaka

Na gode ƙwarai. Anti Maman Biyu, na rubuta maganar takalmi. Yaya Ɗan Hokkaido, saura sallah, kuma ko zan iya dawowa daren ƙarshe? Ina da ganawa da malamina washegari.

Ɗan Hokkaido

Rana gajera ce, kafin ƙarfe 5 magariba ta yi, la'asar tun wajen biyu da rabi. Ki fito da alwalarki daga otal. Akwai masallaci arewa da tasha, kusa da Jami'ar Hokkaido, akwai kuma ɗakin sallah a filin jirgi. Maganar dawowa kuwa, kada ki haɗa ta da ganawar malami. In dusa ta sauka da ƙarfi akan soke jirage, jirgin ƙasan zuwa filin ma yakan tsaya. Ki zo a farkon makon, lokacin gine-ginen ba su fara zubewa ba, ki koma da ratar kwana ɗaya a hannu.