Abin da aka tattauna kan ganyen waken suya

1. Kowa ya yarda ganye ne ke haɗa wa shuka abinci, da hasken rana da iska da ruwa. Yana rufe ƙasa da wuri, amfani ya ƙaru.

2. Zafin Damagaram aka fi kuka da shi. In ya wuce digiri 35 ga fari, ƙananan ƙofofin da ganye ke shaƙar iska da su sukan rufe, ganyen ya juya farin bayansa da azahar. Abinci ya ragu ke nan, fure ya zube.

3. Tazara ta raba mu. Masu gona wajen Magarya sun ce santimita 50 tsakanin layi. Wasu sun ce wannan tazarar ta yi kaɗan, don cunkoso na sa ganyen ƙasa ya yi rawaya ya kaɗe, ga shanye laima a jigawa. Ni na fi karkata nan.

4. Noma da wuri, kada ciyawa ta tare rana.