Hotunan ɗalibai: cikin rumbun bayanai ko a folda kan sabar?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa wata makaranta a Birnin Kebbi manhajar rajista da MySQL, wato manhajar rumbun bayanai. Kowane ɗalibi yana da hoto da takardar haihuwa. In cusa su cikin teburin rumbun ne, ko in ajiye a folda kan sabar (kwamfutar da ke riƙe da manhajar) in rubuta hanyarsu kawai a tebur, wato adireshin inda kowane fayil yake? Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Malama daga Gusau: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni da cusawa na fara. Na zaɓi BLOB, wato nau'in gurbin ajiye fayil a cikin tebur, ban san bai wuce KB 64 ba, alhali hoton waya na kai MB 3. Sai ka buɗe ka ga hula da goshi, daga nan zuwa ƙasa toka-toka. MEDIUMBLOB, babban yayansa, ya ɗauke su, don yana kai MB 16, amma rumbun ya kumbura har kwafin ajiya ba ya ƙarewa kafin a ɗauke wuta. Yanzu folda nake yi.

Ɗan Zuru: Folda ɗin ce, amma kada ka sa wa fayil sunan yaro. Yara biyu masu suna ɗaya, hoton na biyu ya haye na farko, har muka buga katin shaida da fuskar wani. Lambar rajista nake sawa yanzu. Kuma kada ka rubuta cikakkiyar hanya tun daga C: (faifan Windows), ranar da muka koma tsarin Linux daga Windows duk hanyoyin suka tsinke. Linux ma yana bambanta manyan haruffa da ƙanana a sunan fayil, kamar JPG da jpg, Windows bai damu ba.

Baba na Ƙauran Namoda: Yarana, nawa ya fi ciwo. Kullum ina yin mysqldump, wato umarnin da ke fitar da kwafin ajiya na rumbun, hankalina kwance. Ashe teburan kaɗai yake kwasowa, bai san da folda ba. Da faifan sabar ya mutu na dawo da sunaye cif, amma kowace hanya na nuna fayil ɗin da babu shi. Sai da muka roƙi iyaye su sake kawo takardu. Wani dattijo ya zo daga ƙauye a kan babur, takardar a naɗe cikin leda, ya biya kuɗin mai daga aljihunsa saboda sakacina. Har yau abin yana raina. Yanzu dare ɗaya nake kwafe rumbu da folda, in ajiye a wani faifai daban.

Ɗan Argungu: Allah ya saka da alheri Baba. To idan ɗalibi ya bar makaranta, wanne kuke fara gogewa, bayanansa ko fayil ɗin?