Darasin abinci ta WhatsApp don 'yan mata masu ƙarancin jini: da me zan fara?

Malamar Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Da wuya mako ya wuce wata ba ta kife kai a kan tebur ba, jiri da kasala, in ka ja fatar idonta ƙasa ka gan shi fari fat. Yawancinsu shayi da burodi ne karin kumallonsu. Ina son in riƙa tura musu gajeren darasi ta WhatsApp duk Juma'a. Da me zan fara? Kuma da gaske malt da madarar gwangwani na ƙara jini?

Nas daga Kawo: Wa alaikumus salam, Malama. Malt da madara daɗin baki ne, sinadarin ƙarfen da jini ke buƙata kaɗan ne a ciki. Ki fara da shayin nan: shan sa tare da abinci yana rage ƙarfen da jiki ke zuƙa, a bar tazarar kamar awa guda. Hanta, nama da kifi su ne kan gaba. Wake, alayyahu da zogale suna taimakawa, musamman in an matsa lemon tsami ko an bi da gwaiba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Amma don Allah ki gaya musu ba duka abinci ba ne. Akwai maleriya, tsutsar ciki, jinin al'ada mai yawa, ga sikila. Mai jiri ta je a auna jininta, mai sikila kuma kada ta sha ƙwayar ƙarfe sai likita ya ce.

Baban 'Yan Biyu, Rigasa: Malama, wayar fa ta uwa ce, tukunyar ma tata ce. Ki yi saƙon murya da Hausa, minti ɗaya, ban da bidiyo, data ta yi tsada. Kuma ki rage maganar hanta, ba kowane gida ke ganinta ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kowa zai iya.

Ɗalibar Poly: Anti, ki taɓo masu ƙin cin abinci wai kada su yi ƙiba, mun fi yawa. Amma kada ki kira sunan kowa a cikin zauren, ranar za su fice.

Malamar Tudun Wada: Na gode ƙwarai. Zauren iyaye mata zan buɗe ke nan. Sista, in na naɗi na shayin zan turo miki ki saurara tukuna.