Hannun jarin gida: a bari memba ya mayar da shi amanar iyali?

Sakatare: Salamu alaikum jama'a. Wani memba ya nemi a cire sunansa daga hannun jarin gidansa, wato kasonsa a ƙungiyarmu ta gama kai ta gidaje, a sa amintattu su riƙe don matansa da 'ya'yansa. Dokar ƙungiyarmu kuwa mutum ta sani a matsayin memba. Me kuka gani kafin taron Asabar?

Hajiya: Wa alaikumus salam. Ni dai a yarda masa. Maƙwabciyata a tsohuwar unguwarmu ko takaba ba ta gama ba, 'ya'yan mijin suka kawo dillali yana auna tsakar gida da ƙafa. Tumunin ma ita da abokiyar zamanta suka raba. Da gidan yana hannun amintattu, da yanzu tana ɗakinta.

Ma'aji: Hajiya, abin da ban tausayi wallahi. Amma ni ke bin kuɗin wata. In injin rijiyar burtsatse ya ƙone, ƙofar mutum nake bugawa. Amintattu uku, wannan a Legas, wancan a Jidda, wa zan kama? Ga kuma ƙuri'a. Tun ƙungiyar Rochdale ta Ingila a 1844, tsarin gama kai shi ne memba ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Mai kuɗi zai buɗe amana huɗu, ya kama gida huɗu, ya zuba 'yan haya, ranar taro ya rinjaye mu.

Malam: Abin nan ba baƙo ba ne, ɗan'uwan waƙafin zuri'a ne, kuma ya halatta. Sai dai a Malikiyya dole dukiyar ta bar hannun mai ita tun yana da lafiyarsa. In a ciwon ajali ya yi, hukuncin wasiyya ya hau kanta: ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Tsorona shi ne mutum ya fake da amana ya hana 'ya'ya mata rabonsu. Sannan zuri'a yaɗuwa take yi, jikoki su yi yawa, gidan ya lalace kowa na jiran wani ya gyara. Masar ta soke waƙafin iyali a 1952.

Lauya: Allah Ya gafarta Malam, duk ana iya toshe su a rubuce. A birnin New York ƙungiyoyin gidaje da yawa suna amincewa, bisa sharaɗin a ambaci wanda zai zauna a gidan, wani kuma ya sa hannu cewa bashin na wuyansa. Mu ƙara namu: iyali ɗaya gida ɗaya, ƙuri'a ta mazaunin gida ce, ba haya sai da izini.

Ma'aji: In mai sa hannun ya rasu fa, Barista?

Lauya: A ba su wa'adi su kawo wani. In sun kasa, ƙungiya ta sayi hannun jarin a farashin ranar, a raba wa magada.

Hajiya: To ai an koma gidan jiya, an fitar da matar! A rubuta cewa tana zaune muddin tana biyan kuɗin wata.

Malam: Da yardar sauran magada, Hajiya. Haƙƙinsu ne.

Sakatare: Barista, a taimaka mana da daftari kafin Juma'a. Batun zaman matar mamaci shi za mu fara ɗauka a taro.