Musayar waƙa kan ragowar ramukan kwal na Inugu

Malam Safiyo:
Ku zo mu leƙa Inugu, birnin kwal, 'yan uwa,
A 1909 a tudun Udi aka fara ganowa,
A 1916 dogo ya kai shi Fatakwal ana lodawa,
Yau bakin ramukan Onyeama da Okpara ciyawa ke rufewa,
Baba Makanike, me ya ci ramukan? Kai muke saurarawa.

Baba Makanike:
Malam, ruwa ne ya ci su, ba wani sihiri ba,
Dutsen yashi ne a saman kwal, yoyonsa bai taɓa tsayawa ba,
Famfo dare da rana yake zuƙa, bai san hutu ba,
Yaƙin basasa na 1967 ya tsai da shi, ruwa kuwa bai jira ba.
Ɗaki-ɗaki ake yankan kwal, a bar ginshiƙi, ba a kwashe duka ba,
A tokare rufi da katako, in ya jiƙe bai daɗe ba,
Sai ya ruɓe, rufi ya rufta, hanyar ba ta ƙara buɗuwa ba.

Hajiya Malama:
Baba, tun kafin ruwa jirgin ƙasa ya koma shan dizal,
Babban mai saye ya juya baya, wa zai ɗauki kwal?
Da shi fa a da ake hura wutar jirgi zuwa arewa daga Fatakwal.

Ni mahaƙar Iva Valley ce take ci mini zuciya,
18 ga Nuwamba 1949, ga gaskiya:
'Yan sandan Turawa suka harbe lebura 21 rana tsakiya,
Haƙƙinsu suke nema, ramin da suka mutu a kai bai cancanci wofintarwa ba ko ɗaya.

Baba Makanike:
Hajiya, je ki ga ruwan da Onyeama ke fitarwa,
Ja-ja kamar tsatsa, kogin Ekulu yake gangarawa,
Farar wutar cikin dutse ce ta sha iska, tsami take haifarwa,
A tara shi a kududdufi, a zuba farar ƙasa, sai ya kwanta kafin sakewa.

Malam Safiyo:
Tarago da layin ƙarfe 'yan jari-bola ke yankewa,
A auna abin da ya saura, a sa a taswira kafin ɓacewa,
A kankare tsatsa, a shafa giris, a yi rumfar karewa,
Bakin rami a sa masa ƙyauren ƙarfe mai sarari, ruwa na fitowa,
Kada yaro ya shiga, iskar ciki ba wari, amma tana kashewa.