Sabon tof (murfin saman inji) mai matsi 5.5 a kan Ford Model A, injin zai ɗauka kuwa?

Mai_Tsohuwa:
Assalamu alaikum masana. Ina da Ford Model A ƙirar 1930, injinta na asali ne mai silinda 4, lafiya lau take tashi amma da ta ga hawa sai ta fara nishi, dole in koma giya ta biyu. An ce min matsin tof ɗinta (yadda yake matse iska da mai a silinda) 4.22 ne kawai shi ya sa ƙarfin doki 40 take bayarwa, wai in na ɗora mai 5.5 ko 6 za ta farfaɗo. Tsorona kar in je neman ƙiba in samo rama. Wa ya taɓa yi?

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam kafin ka sayi komai ka fara duba ƙasan injin tukuna. Wannan motar ba irin metal (shimfiɗar da kiranshaf ke juyawa a kai) ɗin yanzu gare ta ba da ake cirewa a sa sabo, babbitt ne, wani ƙarfe mai laushi da ake narkawa a zuba a jikin bulok, kuma wuri 3 kacal kiranshaf ya zauna a kai, to in ya riga ya tsattsage ko ya yi lako-lako ƙarin matsi ƙarasa shi zai yi. Ka sauke kwanon baƙin mai ka gani da idonka. In lafiyarsa ƙalau 5.5 ba zai dame shi ba, ai kamfanin da kansa ya yi tof mai 5.2 don motocin 'yan sanda. 6 ɗin ne ni ban cika so ba a tsohon inji.

Dan_Gareji:
Gaskiyar oga ce, amma ni a ganina ba tof ne ke kashe babbitt ba, direba ne. Sandar nan ta hagun sitiyari da ake saita wuta da ita, mutane sun saba jawo ta ƙasa gaba ɗaya su manta da ita. Da sabon tof ba a haka, wutar ba ta son wuri sosai, da ka ji ƙas-ƙas-ƙas a hawa ka ɗan ɗaga ta sama, wannan ƙarar duka ce metal yake sha.

Mai_Tsohuwa:
Na gode ƙwarai. To wajen ɗaurawa fa, cirewa ne kawai a mayar?

Tsohon_Bakanike:
A'a fa. Fistin ɗin Model A yana ɗan leƙowa saman bulok, don haka ka manna 'yar laka a kansa, ka ɗora tof ba gasket, ka juya injin da hannu a hankali sannan ka ɗaga ka auna kaurin lakar don ka ga tazarar da ke tsakanin fistin da tof. In kana jin yana taɓawa kar ka kuskura ka tayar. Fuskar bulok ma a ɗora mata ƙarfe miƙaƙƙe a ga ko ta lanƙwashe. Noti 14 ne, ka faro daga tsakiya kana fita gefe kaɗan-kaɗan har 55 ft-lb a ma'aunin ƙarfin ɗauri, kuma ka lallaɓa biyun da ke riƙe wuyan ruwan lagireto don kunnensa saurin karyewa gare shi. In injin ya yi zafi ya huce ka sake bin su, gasket sabo yana kwanciya, za ka tarar wasu sun saki.

Dan_Gareji:
Ka canza kusoshin da notocin ke hawa ma duka, tsofaffin sun sha tsatsa. Sannan birki fa oga, na sanda ne ba na mai ba, a saita shi kafin ka fara jin daɗin gudun.